Kifayen Gwaggo

Wanda ya ba mu aron ta ya karɓi abinsa, kuma gare Shi dukanmu za mu koma. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Gwaggo yayar mahaifina ta rasu a ɗakinta, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Ni malamin elemantare ne a Kankiya. Aka ba ni kwana uku, na hau keke na zo na zauna a zaure kusa da mahaifina muna karɓar gaisuwa.

Tun da nake ban taɓa jin ƙarya mai yawa kamar wadda na ji a zauren nan ba.

Wani dattijo daga Rimaye ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙan ta, baiwar Allah mai haƙuri." Aka ce amin. Gwaggo ba ta da haƙuri, kuma duk wanda ke zaune a wurin ya sani. Wani maƙwabcinmu ya ce ba ta taɓa sa-in-sa da kowa ba, alhali shi ne ta taɓa kora da muciya har bakin masallaci. A cikin gida kuwa, matata ta ce mini tun kafin a gama kuka wata ta ja ta gefe tana tambaya ko za a soya kifin da Gwaggo ke kiwo a randa a yi sadakar uku da shi.

Mai unguwa, ɗan baffan su mahaifina ne, shi ya fi kowa daɗewa da hannu a sama. Ya ce Gwaggo uwa ce ga unguwa baki ɗaya. Da ya tashi yana neman takalminsa sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "To, ta huta da wahalar kifi." Mutum biyu suka yi dariya. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, wata tsohuwa maginiyar tukwane daga Fakuwa, wadda ta gina wa Gwaggo randunanta. Ta tsaya a bakin zaure ba ta ko zauna ba, ta ce, "Masifaffiya ce. Amma ba ta taɓa cutar kowa ba, ita aka cuta. Allah shi gafarta mata." Ta wuce cikin gida. Babu wanda ya ɗaga kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. In aka bar ta a bakin mutanen zauren nan, kafin arba'in za su mayar da ita wata tsohuwa mai sanyin hali da ba a taɓa yi ba, sannan su manta da ita cikin kwanciyar rai.

Gwaggo ta yi aure tun ba a haife ni ba, can yamma, a wani gari na masunta a bakin gulbi. Ta yi kusan shekara talatin a can. 'Ya'yanta uku duk sun rasu suna ƙanana, daga baya mijin ya bi su. Da ta fita takaba mahaifina ya aika da jakai biyu a ɗauko ta. Ta ɗora duk abin da ta mallaka a kan ɗaya, ɗayan kuwa ta ɗaura masa tuluna biyu cike da ruwa da 'ya'yan kifi. Tafiyar kwana tara sai da ta ci sha huɗu, don kowace rijiya aka tarar sai ta tsaya ta rage ruwan tulu ta ƙara sabo. Mai jakan ya rantse ko za a ba shi doki ba zai sake rako ta ba.

Mu manoman gero da dawa ne. Kifin da muka sani shi ne banda, baƙi ƙirin a faifan 'yan kasuwa. Ganin mace ta binne randuna biyar zuwa wuya a gindin tsamiya tana kiwon kifi mai rai ya ishe mu abin magana na shekaru. Aka ce motsi gare ta. Aka ce aljanun ruwa ne suka biyo ta. Mafi muni, aka ce 'ya'yanta da suka mutu take gani a cikin randa. Wannan maganar ta kai kunnenta a gidan suna, ta ajiye ƙwaryar fura ta ce, "Kifi kifi ne. Ɗiyana suna wurin Ubangijinsu. Wadda ta sake haɗa su a baki ɗaya, ni da ita ne."

Ba a sake faɗa a gabanta ba. A bayanta kuwa ba a fasa ba.

Wanda ya tsaya ya duba da idon basira zai ga ilimi ne a cikin randunan nan, ba hauka ba. Ba kowane kifi take haɗawa da kowane ba. Karfasa, mai faɗin jiki da ke yawo a sama, tana zama da ƙurungu, mai ƙaya da ke kwance a ƙasa yana tsintar abin da ya nutse. Wannan na sama, wannan na ƙasa, ba mai shiga hanyar wani. Tarwaɗa kuwa randarta daban, sai da 'yan uwanta masu girma ɗaya. Na taɓa tambayar ta yadda take ganewa. Ta ce, "Baki nike dubawa, Malam. Duk wanda zai shiga bakin wani, to abincinsa ne, ko da uwa ɗaya ta haife su."

Malam take ce mini tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi ba'a.

Takan jera tsingaro da duwatsu a gindin randa don mai tsoro ya sami wurin ɓuya, ta sa kainuwa a sama don inuwa. Baƙon kifi ba ya shiga cikin sauran sai ya yi mako a ƙwarya shi kaɗai, ta ga ba shi da tabo kuma yana cin abinci. Dusa take ba su da gara, ɗan kaɗan, abin da za su cinye kafin ta gama tsayuwa. Ta ce yunwa ba ta kashe kifi, ƙoshi ke kashe shi, don abin da ya rage shi ke ruɓar da ruwa. Duk kwana uku ta kwashe sulusin ruwan ta zuba wa yakuwa da barkononta, ta cika da na rijiya wanda ya wuni a rana. Ba ta taɓa juye randa gaba ɗaya ba. In mace ta zo da hannun sabulu ko na manja za ta taɓa ruwan, muryar Gwaggo sai an ji ta a gida na uku.

Wata shekara duba-gari ya zo daga Kankiya da kakinsa da ludayinsa, yana bi gida-gida yana fasa duk tukunyar da ya ga tsutsar sauro a ciki. Ya ga randuna biyar a buɗe, ya ce a kawo taɓarya. Ina gida ranar. Gwaggo ta tsaya tsakaninsa da tsamiya.

"Iya, doka ce," in ji shi. "Ruwan da ke kwance sauro yake haifarwa."

"Sa ludayinka," ta ce. "In ka fito da tsutsa ɗaya, ni da hannuna zan fasa su duka."

Ya sa ludayi a ta farko, ya ɗaga ya duba a rana. Ya sa a ta biyu. Sai da ya bi biyar ɗin sau bibbiyu bai sami komai ba, kifin sun cinye. Daga nan ya shiga madafin gidanmu, ya ɗebo tsutsa cike da ludayi a randar ruwan shanmu, mu masu hankali. Kafin ya tafi ya dawo ya durƙusa ya roƙi Gwaggo 'ya'yan karfasa huɗu ya kai gidansa. Ta ba shi, bayan ta sa ya maimaita mata yadda zai ciyar da su har sau uku.

Rigimarta da Mai unguwa ta fara ne da kyauta. Wani ya kawo masa ƙatuwar tarwaɗa mai rai, ya ga bai san yadda zai yi da ita ba, ya shigo gidanmu Gwaggo tana gona, ya jefa ta a randar 'ya'yan karfasa. Wai ya ƙara mata dukiya. Kafin ta dawo da la'asar babu ko ɗaya, aikin wata huɗu ya tafi cikin ciki ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe hannun riga ta cafko tarwaɗar ta wuya, ta ratsa unguwa da ita tana fisge-fisge, ta same shi a zaure da baƙi, ta sake masa ita a cinya.

"Ga baƙuwarka. Ta ci ta ƙoshi, sai ka sallame ta."

Babbar rigarsa ta ɓaci da yauƙi, baƙin suka kasa riƙe dariya. Ya haɗiye, amma bai manta ba.

Gabas da gari akwai kududdufi, ramin da aka bari lokacin da Turawa suka sa aka yi aikin hanya, aka kwashi ƙasa a wurin. Yana da zurfi, yakan riƙe ruwa har bazara, kuma shi rabin gari ke sha da damina don rijiyoyinmu suna da nisa da gonaki. Kowa ya san abin da damina ke zuwa da shi a garinmu: kurkunu. Ƙafa ta kumbura, ta fashe, farar tsutsa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har wata biyu. Ƙato ya kwanta yana kallon ciyawa na cinye gonarsa. Gidan da ya kama mutum uku, wannan gida sai ya yi bara a faifan dangi.

Babu wanda ya sa Gwaggo. Duk lokacin da karfasa suka hayayyafa, sai ta ɗauki ƙwarya a ka ta kai kududdufi ta sake su, ta haɗa da ƙurungu kaɗan. Tarwaɗa ko ɗaya ba ta kai ba. Ta ce a garin mijinta ta lura masu shan ruwan da ke da ƙananan kifi ba su cika kwanciya da kurkunu ba, dalilin kuwa Allah ya sani. Bayan 'yan shekaru ciwon ya ja baya a garinmu har aka fara mantawa da shi. Na taɓa ba malamin asibitin Kankiya labari, ya ce ba mamaki, ƙwan kurkunu a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa yake, kifi kuwa yana cin su. Na kawo mata wannan bayani ina jin na zo da abin kirki. Ta ce, "To, Malam, tun da boko ya yarda, sai kifi su ci gaba."

A gari kuwa aka ce rubutun da aka sha ne, aka ce sauyin shekaru ne. Ban ji bakin da ya ce Gwaggo ba.

Sharaɗinta ɗaya ne a kan kududdufin: a kama manya da hannu ko da ragar koma, a bar ƙanana. Kuma ba ta da rowa. Duk matar da ta haihu a unguwar nan, ko mijinta na cikin masu yi mata dariya, washegari za ta ga Gwaggo da kwanon romon kifi mai yaji. Ba ta zama, ba ta karɓar godiya. Ta ajiye ta ce, "Sha da zafi," ta fita.

Yanzu na zo kan abin da ba a faɗa a zaure ba.

Da bazarar bara, aka aiko cewa Bature mai rangadi zai sauka garinmu da jama'arsa, a tanadi abinci. Annoba ta kashe kajin gari a shekarar. Mai unguwa ya tara magidanta ranar Lahadi, ya ce ga kifi a kududdufi, ruwa ya ja baya, amma kamun hannu zai ci kwana uku. Ya ce ya sa an samo magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Gwaggo tana kwance da ciwon gwiwa a lokacin. Wani ya ce ko a gaya mata. Mai unguwa ya ce, "Ruwan Allah ne, ba gadonta ba ne."

Mahaifina yana wurin, bai ce komai ba. Ni ma ina wurin. Ni da na san abin da malamin asibiti ya faɗa, ni da ake tashi a ba ni buzun zama saboda na yi karatu. Na ce a raina, kifi ne kawai, kada in ɓata da manya. Na yi shiru.

Da hantsin Litinin aka zuba. Kafin azahar kududdufin ya yi fari fat, manya da ƙanana, har waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, ciki a sama. Aka cika kwanduna, aka soya, aka yi banda, aka rasa inda za a sa sauran. Baturen bai ma sauka ba. Motarsa ta wuce Kusada, aka ɗaga mana hannu ta taga. Kwana biyu gari na warin ruɓa, angulaye sun cika bakin ruwa.

Ba wanda ya gaya mata. Warin ne ya shiga ɗakinta. Ta aika a kira ni.

"Magimfa aka sa?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo."

"Kana wurin da aka yanke shawara?"

"Ina wurin."

"Mi ka ce?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Ban ce komai ba."

Na so ta zage ni, na so ta jefe ni da abin da ke kusa da ita kamar yadda ta saba. Sai kawai ta ce, "Tashi ka tahi, Malam." Wannan karon babu ba'a a cikin sunan, babu girmamawa.

Damina ta zo ta cika kududdufi da sabon ruwa, babu ko kifi ɗaya a ciki, mutane suka ci gaba da sha. Mahaifina ya shiga ɗakinta ya zauna a bakin ƙofa, ina tsaye a waje ina ji.

"Yaya, ki yi haƙuri ki mayar da kifin nan. Abin da ya wuce ya wuce."

"Auta, ni na goye ka. Ka zauna ana shirya kashe aikina na shekara goma sha wani abu, ka kasa buɗe baki. Yau ka sami baki?"

"Yaya, mai unguwa ne. Mi zan ce masa?"

"Shi ya zo. Ya tsaya nan inda kake, ya ce ya yi kuskure, ya ce ba za a sake ba. Ran nan zan kai kifi ko da rarrafe ne."

Mai unguwa bai zo ba. Daga zaurensa zuwa ɗakinta bai kai taku ɗari biyu ba, ya yi shekara guda bai taka ba. Ya ce shi ba zai durƙusa wa mace a kan kifi ba. Ita kuma ta kafe. Ba zan ɓoye wannan ba don ta mutu: ta san abin da zai biyo baya, kuma fushi ya hana ta. Wannan nata ne, Allah ya yafe mata. Amma fushinta yana da dalili, girman kansa kuwa ba shi da ko ɗaya.

Kurkunu shekara yake yi a jiki kafin ya fito. Da ruwan bana ya sauka, ya fito gida-gida, daidai lokacin noman farko. Ranar da aka shigo mata da jikar maƙwabciyarta, yarinya 'yar shekara biyar, ƙafa biyu duk a kumbure tana ihu, Gwaggo ta dubi ƙafar ta rufe fuska da mayafi. Washegari ta sa mata huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara, wasu suka bi su da ƙore a ka. A bakin kududdufi ta hana a juye. Ta sa aka ɗora ƙoren a kan ruwa su ɗan daɗe, ana ɗiban na kududdufi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannan aka karkata su kifin suka fita da kansu. Duk karfasar da take da ita ta saki ran nan. Ta ce wa matan, "Ba zai warkar da na bana ba. Na baɗi nike nema muku. Ku tace ruwa da ƙyalle kafin su yi yawa." Maza na gani daga inuwa, babu wanda ya taso ya kama gadon.

Daga wannan fita ba ta sake tashi ba. Kwana ashirin ta yi.

Ranar Asabar ta ƙarshe na zo na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma in ka sake zama inda ake shirya ɓarna, ka buɗe bakin nan ko za a kore ka." Liman ya shigo bayan azahar ya ce, kamar yadda aka saba, ta yafe wa jama'a jama'a su yafe mata, har ya ambaci Mai unguwa, wanda ko a ranar bai zo ba sai aike. Numfashinta na fita da ƙyar, amma kowa a ɗakin ya ji ta.

"Abin da aka yi mini, na yafe. Abin da aka yi wa ruwan da yara ke sha ba nawa ba ne da zan yafe. Shi nemi masu shi."

Liman ya shafa fatiha ya fita.

Da aka gama yi mata sutura ranar Talata aka fito da makara, sai aka tsaya ana duban juna. Majiya ƙarfin unguwarmu kusan duk suna kwance ko suna dogara sanda, ƙafafu naɗe da tsumma. Ni da mahaifina muka kama gaba, tsoho mai shekara sittin da wani abu. Baya kuwa sai da muka jira wasu manoma biyu 'yan Tafashiya da ke wucewa, suka ajiye fartanyoyinsu suka kama mana. Ba su san ta ba. A hanya ɗayan ya tambaye ni wace ce, na buɗe baki in gaya masa, kuka ya ci ƙarfina.

Ya Ubangiji, ga baiwarka ta zo maka da zafin ranta da tsabtar hannunta. Ka yafe mata shekarar da ta yi tana fushi, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta uku. Mu da muka yi shiru, ka ba mu kunyar da za ta hana mu sakewa. Wanda har yau bai nemi yafiyar yaran nan ba kuwa, ban roƙa masa komai ba tukuna.